Kibod Mai Tozo

Kibod goma sha ɗaya na kashe a shekara shida, kuma ban ji kunyar ko ɗaya ba. Suna nan jibge a bayan labulen shagona, wani ya zubar da maɓallan tsakiya, wani ya tsage gida biyu. Ni Batulu a kan tafireta na koyi buga rubutu, zamanin da ake cusa takarda biyar da kabon a tsakaninsu, a ce sai ta ƙarshen ta fito raɗau. Wanda ya koyi aiki a haka ba ya shafa maɓalli, dukansa yake yi. Da na bar aikin gwamnati na buɗe shago a nan Kazaure kusa da tasha, an kawo mini kwamfuta, amma ba wanda ya sanar da hannuna cewa zamani ya canja.

Masu zuwa wurina yawanci dattawa ne daga Roni da Gwiwa da ƙauyukan Babura, masu rigimar gona ko ta gado ko ta burtali. Akwai shagunan yara a layinmu, masu fanka da kujerun roba, amma tsofaffin nan wuce su suke yi, su zo su zauna a bencina. Dalilinsu ɗaya ne, ƙara. Sun yi imani cewa takardar koke da aka buga da ƙarfi ita ake karantawa da gaggawa, wadda kuma aka lallaɓa, a ƙarƙashin fayil take kwana. Suna cewa takardar Batulu tun daga bakin titi ake jin tafiyarta. Ban taɓa musa musu ba, don ni ma a raina haka na ɗauka.

Abin ya fara ne da wani yam-yam a yatsu, kamar kiyashi na yawo a ciki. Na ce sanyi ne, na shafa man zafi. Daga baya babban yatsa da manuni da na tsakiya suka daina gaya mini abin da suka taɓa. A miya asirin ya tonu. Tun ina 'yar shekara goma da yatsu uku nake ɗiban gishiri, ban taɓa kuskure ba, kuma ina yi wa masu aunawa da cokali kallon tausayi. Yanzu sai in ɗiba in rasa ko na ɗebo ko ban ɗebo ba, in ƙara, in sake ƙarawa. Na gwada cokalin a ɓoye, miya ta fito lami, washegari na rama ta fito kamar kanwa. Maigidana Malam Nafi'u mutum ne mai kawaici har ya yi yawa. Bai taɓa cewa uffan ba. Ya dai canja ƙaramin kofinsa na ruwa ya koma babban kofin silba, loma ɗaya kurɓi biyu. Wannan kofin ya fi zagi yi mini ciwo.

Likitar da na gani yarinya ce da ba ta kai 'yar farina ba. Ta ɗan ƙwanƙwasa wuyan hannuna, na ji wani abu ya tsarga har ƙarshen yatsu. Ta ce jijiya ce ta matse saboda yadda nake karya hannu ina duka tun safe har yamma.

"Mama," in ji ta, "ko dai ki canja abin da kike bugawa a kansa da yadda kike bugawa, ko kuma nan da baɗi ko allura aka soka miki a yatsun nan ba za ki ji ba. Daga nan sai rufe shago."

Ta zana mini hoton kibod ɗin da take nufi a bayan takardar magani. Wani abu ne mai tudu a tsakiya, haruffan sun rabu gefe biyu, da ɗan matashi a gaba inda hannu zai kwanta. Na karɓa na yi godiya, amma tsoro ya kama ni sosai, don in aka raba ni da yatsun nan ban san wace ce ni ba.

Kuskuren da na yi shi ne nuna wa yayana takardar. Yaya Maikasuwa dillalin dabbobi ne, yana cin kasuwannin Babura da Roni da Gwiwa tun kafin a yi mini aure. Tun rasuwar mahaifinmu ya kafa doka cewa ba a sayen abu mai ƙafa a danginmu sai ya duba. Shi ya zaɓa mini firij, bayan ya buɗe bakinsa ya leƙa ya kuma saurari numfashinsa.

"Shi wannan kibod ɗin yana da ƙafa?" ya tambaye ni.

"'Yan ƙanana biyu ne a ƙarƙashi, Yaya, na tokarewa."

"To ya shigo hurumina. Ba a cinikin biri a sama."

Muka je shagon Musaddiƙ, mai sayar da kayan kwamfuta da yake saro wa daga Kano. Ya shimfiɗa mana guda uku a kan tebur. Yaya ya naɗe hannun riga, ya zagaya teburin sau biyu a hankali kamar yadda yake zagaya bijimi a kasuwa, bai taɓa komai ba tukuna.

Na farko siriri ne fari, ba igiya. Yaya ya ɗaga shi ya juya, ya leƙa bayansa.

"Ina wutsiyar?"

"Ba shi da ita, Baba. Ta iska yake magana da kwamfuta."

"Dabbar da ba ta da wurin ɗauri ta ɓarawo ce. Ga shi kuma ramamme, ba ƙashi ba tsoka. Wannan ko rani ɗaya ba zai kai ba."

Na biyu baƙi ne mai nauyi, da aka jona shi sai fitilu ja da kore da shuɗi suka riƙa gudu a ƙarƙashin haruffan. Musaddiƙ ya ce na masu wasan kwamfuta ne. Na danna maɓalli ɗaya, ya ce ƙas! Na danna biyar a jere, wani mai keke-napep da ke wucewa ya waiwayo. Wallahi nan take zuciyata ta tafi gare shi.

"Wannan nake so, Yaya."

"Yi shiru. Dabbar da aka yi wa kwalliya ranar kasuwa, a duba ƙafarta."

Na uku shi ne irin wanda likita ta zana. Mummuna ne, ban ɓoye ba, kamar an zauna a kan kibod ya lanƙwashe. Amma Yaya yana ganinsa idonsa ya yi haske. Ya shafa tudun tsakiyar da tafin hannu, ya ce, "Ikon Allah, mai tozo ne." Ya sa farce ya ɓamɓare maɓalli ɗaya ya duba saiwarsa, yadda yake ɗaga leɓen sa ya ga haƙori, ya mayar ya ji ya zauna daram. Ya ja igiyar ya ga kaurinta. Ya shinshina shi. Sannan ya tambayi Musaddiƙ a ina aka yi kiwonsa, kuma ko an san uwarsa.

"Kamfani ne, Baba, a ƙasar waje."

"Duk haka suke cewa. Zan tafi da su duka ukun, gwajin kwana uku. Sai an gwada akan san na ƙwarai."

Musaddiƙ ya buɗe baki zai yi gardama, sai ya tuna shekara ashirin ke nan Yaya ke zaɓa wa mahaifinsa ragon layya, ya rufe bakinsa.

Gwajin nan ban gan shi da idona ba, amma duk wanda ya ci kasuwa a makon ya gani. Yaya ya ɗaure su da roba a bayan babur ɗinsa, a fili ba kwali, ya bi hanyar Roni da su ta inda ramuka suka fi yawa. Washegari ya kai su Gwiwa ya shanya su a rana a tsakiyar kara, ya zauna yana ɓare gyaɗa a kansu don ya ga wanda ɓawo zai shaƙe. A Babura ya zuba wa kowanne rabin ludayin koko, wai ai a shago dole wata rana wani ya yi ɓari. Dillalai 'yan'uwansa suka taru suna ba da shawara. Wani ya ce a bar ɗan akuya ya taka su, aka kuwa bari.

Rana ta huɗu ya dawo da su shagona. Siririn ya riga mu gidan gaskiya tun a hanyar Roni, haruffansa bakwai suna cikin aljihun Yaya. Yadda suka ƙare da Musaddiƙ kan gawar ban tambaya ba, na dai ga an kai wa mahaifinsa ɗan akuya. Mai fitilu ya rayu, sai dai fitilar gefe ɗaya ta mutu. Mai tozo kuwa da aka goge kokon, ko gezau.

"Saura gwaji na ƙarshe," in ji Yaya, "wanda ya fi hanyar Roni. Hannunki."

Na fara da mai fitilu. Kai, na ji daɗi! Shagon ya ɗauka kamar ana sussukar gero. Amma ban kai rabin shafi ba wuyan hannuna ya kama da wuta, na ɓoye hannun a cikin mayafi don kada Yaya ya gani. Mutumin da ke gane ɗingishin jaki daga nesa kuwa ba a ɓoye masa irin wannan. Ya janye kibod ɗin ya turo mini mai tozo. Na ɗora hannu, sai na ji ya kwanta a miƙe a kan matashin, ba karyewa ba miƙa yatsa nesa. Na ɗaga hannu zan kai duka, kafin in sauke da ƙarfi harafin ya riga ya fito. Na buga shafi biyu, ba zafi. Ba kuma ƙara ko kaɗan, sai wani sif-sif kamar kyanwa na tafiya a kan katifa.

"Ba ya magana, Yaya."

"Ba san da ya fi kuka ke jan garma ba. Shi za a ɗauka."

Aka ɗauka, kuma nan masifa ta fara. Wanda ya fara zuwa shi ne Baba Kura, wani dattijo daga Gwiwa mai kusan shekara tamanin, wanda ɗan ƙanensa Kashim ke cin iyakar gonarsa kunya ɗaya duk damina. Shekara tara ke nan, kunya tara. Tun da na buɗe shago, duk shekara ni nake buga masa takarda zuwa ga hakimi. Ya zauna, ya jingine sandarsa, ya fara faɗa ina bugawa. Ya kai tsakiyar magana sai ya tsaya.

"'Yar nan, in kin gama hutawa ki gaya mini in ci gaba."

"Ai bugawa nake, Baba. Ga shi nan a fuskar kwamfuta."

Ya leƙa fuskar, ya leƙa kibod ɗin, ya girgiza kai.

"Wannan raɗa ce, ba koke ba. Takardar da ni da ke zaune a nan ban ji ta ba, yaya hakimi zai ji ta daga Gwiwa? Kuma abin naki ma a karye yake, ga shi nan ya rabu biyu. Kashim ya zo nan kafin ni?"

Na rantse masa bai zo ba. Ya ɗauki sandarsa ya ce zai dawo ran Litinin, in na gyara to, in ban gyara ba zai kai wa yaran can masu fanka, ko ba komai su suna kunna rediyo. Kafin la'asar labari ya zaga tasha cewa hannun Batulu ya mutu, takardarta ba ta da murya. Kwana huɗu bencina ba wanda ya zauna sai wata kaza.

A rana ta biyar wani mai rigimar burtali ya leƙo, na ji ba zan iya ganin ya wuce ba. Na jawo ɗaya daga cikin tsofaffin kibod ɗina mai ɗan sauran rai, na yi masa takarda shafi uku da duka irin na da. Ya tafi yana sa mini albarka. Da magariba na ɗauki buta zan yi alwala, ban san lokacin da ta bar hannuna ba, sai ƙarar faɗuwarta na ji. Na tsuguna a tsakar gida na yi kuka, kukan baƙin ciki na gaske. In na yi shiru ba ciniki, in na yi ƙara ba hannu. Malam Nafi'u ya ɗauki butar ya cika, ya zuba mini ruwan da kansa.

Da safe na je na sauke wa Yaya duk fushina, na ce shi ya zaɓo mini bebe. Ya saurara yana sosa gemu.

"Dillalin kirki ba ya gudu bayan ciniki," in ji shi. "Ƙara suke so? Ina gawarwakin nan goma sha ɗaya?"

Ran Litinin Yaya ya fasa zuwa kasuwa, abin da bai yi ba ko ranar sunan ɗansa. Ya shiga bayan labule da kujera 'yar tsugunne, ya ɗora mataccen kibod a cinya. Muka yi alkawari in na yi tari ya fara, in na sake tari ya tsaya. Baba Kura ya zo ya zauna yana hararar mai tozo. Na yi tari, na ɗora hannu, sai ga ruwan duka daga bayan labule, har kwanon rufi yana amsawa.

Fuskar tsohon ta washe. "Yauwa! An yi masa magani ke nan. Rubuta, kunya tara!"

Komai ya tafi daidai har muka kai shekara ta shida a lissafin kunyoyin. Nan wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Na manta da tari, na sa hannu biyu ina lalube, na ciro ta na kara a kunne. Hannuna ɗaya a kunne, ɗaya a cikin jaka, duka kuwa bai fasa ba, sai ma ƙaruwa da ya yi, don Yaya ya samu kari har yana haɗawa da ƙafa. Baba Kura ya dubi hannuwana, ya dubi kibod, ya karanta abin da ya sawwaƙa. Na yi tari, na sake yi, na yi har na ƙware, amma mai duka ba ya jin tari. Tsohon ya miƙa sandarsa a hankali ya ɗaga labulen.

Ga Yaya Maikasuwa, babban dillali, hula a keya, gumi har gemu, yana lakaɗa wa mataccen kibod duka da tafi biyu. Ya ɗago suka haɗa ido. Na ce a raina shi ke nan, yau shagon ya rufu, kuma da abin kunya.

Baba Kura ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Kai ne ka sayar mini da jaka a Gwiwa shekarar da aka yi fari?"

"Ni ne, Baba."

"Jakar kirki ce. Amma duka ba ka iya ba. Wajen gaisuwar hakimi kana ta zabgawa kamar shi ya ci mini gona, da aka zo kan Kashim kuma hannunka ya yi sanyi. Gonarka ce? Ka san inda aduwar iyaka take? Ba ni nan."

Ya karɓi kibod ɗin ya ɗora a gwiwarsa, ya gyara zama a benci. Ya ce in koma daga farko. Wajen gaisuwa ya riƙa taɓawa a hankali da ladabi. Da ya zo kan kunyar farko ya sauke tafi, tim! Kunya ta biyu ya ƙara. Yana faɗa yana duka, ni kuma ina bi a kan mai tozo sif-sif, hannuna a kwance. A kunya ta tara wani maɓalli ya yi tsalle ya faɗa waje. Sai muryarsa ta karye. Ya ce shi ya yi wa Kashim huɗuba ranar da aka haife shi, shi ya riƙe shi bayan rasuwar ubansa, da ya zo ya roƙa da baki da ya ba shi kunya ashirin. Wannan bai daka ba, hannunsa a kwance a kan haruffan ya faɗe shi. Ya share ido da bakin rawani ya ce in saka har da wannan.

Da firinta ta fito da takardar ya auna ta a tafin hannu, ya ce bai taɓa samun mai nauyinta ba. Ni kuwa ina zaune ina duban wuyan hannuna. Shekara talatin da wani abu ashe fushin mutane nake karɓa in daka da ƙashina, su tafi gida da sauƙi, ni in tafi da shi.

Yanzu kibod goma sha ɗayan nan suna rataye a ƙusa a jikin bango, kowa ya zo ya zaɓi nasa. Masu rigimar gado sun fi son wanda ya tsage. Akwai wata tsohuwa daga Kanya Babba da ke zuwa da muciyarta. Mutanen layinmu sun kai ƙarata wajen mai unguwa saboda hayaniya, kuma a shagona suka buga takardar, su huɗu a kan benci ɗaya. Yaya ya koma kasuwa, sai dai yanzu har da kibod ake kai masa dubawa a kara. Maganar gonar Baba Kura tana gaban hakimi, an ce an kira Kashim.

Yatsun ba su dawo rana ɗaya ba. Wata uku ina ɗaura wani abin tallafi da likita ta ba ni a wuyan hannu, ina tsayawa in huta kamar yadda ta ce, ina jin haushin kaina. Wata Laraba da yamma ina miyar kuka, na sa hannu a kwanon gishiri ina tunanin wani abu daban, sai na ji shi. Ƙwaya-ƙwaya, da kaifinsa, a tsakanin yatsu uku. Na tsaya a haka har miyar ta kusa kamawa, sannan na zuba sau ɗaya na rufe kwanon.

Na kai wa Malam Nafi'u tuwo, na ajiye masa babban kofin silbar nan cike da ruwa kamar kullum, na koma bakin ƙofa na zauna kamar ina tsintar wake. Ya yi bismilla ya kai loma ta farko, ya kai ta biyu, ya kai ta biyar. Ya cinye tas ya suɗe kwano. Da na je kwashe kwanuka kofin yana nan a cike yadda na ajiye shi.

"Batulu," in ji shi, "gobe ki dawo mini da ƙaramin kofina."